Yadda ake hutun Ranar Ma'aikata da ƙananan yara a Kaduna, daga jariri zuwa ɗan shekara 5

Duk shekara da Afrilu ya raba tsakiya, tambaya ɗaya ce ke ta zuwa mini daga iyaye mata, jefi-jefi har da maza: hutun 1 ga Mayu ya matso, ga goyo, ga mai tatata, ga ɗan nazare, yaya za a yi a ji daɗin ranar ba tare da an kwana da yaro ba lafiya, uwa kuma a galabaice ba? Na gaji da ba da amsa ɗai-ɗai, shi ya sa na zauna na jera yadda muke yi a gidanmu, bayan mun sha yin kuskure muna gyarawa.

Ku riƙe abu guda tun daga nan. Agogon wannan rana yana hannun abu biyu ne, baccin yaro da zafin rana. Farkon Mayu a Kaduna wutsiyar bazara ce, damina ta fara leƙowa: da hantsi rana ta buɗe kamar ta dafa mutum, da yamma kuma hadari ya taso da iska. Duk matakan da ke ƙasa an ɗora su ne a kan wannan.

1. Ku tabbatar da ranar, ku raba aiki (saura mako guda)

Ranar Ma'aikata ba ta gusawa daga 1 ga Mayu, amma hutun yakan gusa. Idan ta faɗo Asabar ko Lahadi, Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta tarayya takan ba da Litinin, kamar yadda aka yi a 2021 da aka huta ranar 3 ga wata. Ku kasa kunne a rediyo kafin ku tsayar da shiri. Idan kuma Juma'a ce, kamar a 2026, ku sa a lissafi cewa hanyoyin da ke kusa da manyan masallatai, irin Masallacin Sultan Bello a Unguwar Sarki, suna cushewa tun kafin ƙarfe ɗaya. Ku tabbatar kun riga kun shiga gida.

Sai maganar da yawancin gidaje ke tsallakewa. Idan kuna da mai reno ko mai taya aiki, ita ma ma'aikaciya ce, a sallame ta ta je ta ga 'yan uwanta, da ɗan abin mota a hannu. To da zarar ta tafi, aikin nan gaba ɗaya kan uwa yake komawa, sai a wayi gari kowa a garin yana hutu ban da ita. Maganin wannan a zauna tun da wuri a yanka aikin gida biyu. Ni ba na cewa "ka taimaka mini", don wannan maganar ba ta da kai ba ta da gindi. Cewa nake yi: "Abbansu, wanne za ka ɗauka, wankan yara da safe ko zama da su bayan la'asar?" Dole ya zaɓi ɗaya, kuma yakan zaɓi na biyu.

Idan za a fita, ƙa'idata ita ce babba ɗaya ga kowane yaro mai tafiya da ƙafarsa. Mai goyo ba za ta iya bin ɗan shekara biyu da gudu ba. In maigida yana cikin waɗanda ba su da hutu, ma'aikatan asibiti, jami'an tsaro, direbobi, 'yan kasuwa, to a nemi ƙanwa ko goggon yara tun yanzu, kada a bari sai daren jajibiri.

2. Ku tsara yinin a kan baccin yara

Ku ɗauki takarda ku rubuta lokacin da kowane yaro ya saba baccin rana, sannan ku cike sauran guraben. Jariri daga wata 4 zuwa shekara guda yana buƙatar baccin awa 12 zuwa 16 a yini da dare, ɗan shekara 1 zuwa 2 awa 11 zuwa 14, ɗan shekara 3 zuwa 5 kuma awa 10 zuwa 13. Hutu ba ya rage wannan. Yaron da aka hana baccinsa shi ne wanda zai kwanta a ƙasa yana birgima a gaban mutane, a ce shagwaɓa ce, alhali gajiya ce.

Rana takan fito wajen ƙarfe shida da 'yan mintoci. Wanka da karin kumallo su ƙare kafin bakwai da rabi. A fita ƙarfe takwas, a juyo goma da rabi, sha ɗaya ta yi muku a gida. Daga nan har la'asar babu mai leƙa waje. Bayan la'asar a yi wasa a tsakar gida, magariba wajen bakwai saura kwata ta sami kowa a ɗaki.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa: a tsaya girki da guga da kwalliya, sai sha ɗaya a fita, daidai lokacin da ya kamata a dawo. Awa biyu da rabi a waje ta ishi ƙaramin yaro, har ta yi masa yawa.

3. Ku yanke kuɗin da za a kashe

Hutun nan yana zuwa ne a kan gaɓar da aljihu ke da masu jira: makarantu na komawa zango na uku, ga kuɗin makaranta, ga masu shirin noma suna neman taki. Don haka ni ma'aunina shi ne kada abin da za a kashe ya wuce ladan aikin kwana ɗaya, ko biyu in an matsa. Ku raba albashinku gida 30. Wanda ke kan mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000 da aka tsayar a 2024, kwanansa ɗaya bai wuce naira 2,300 da 'yan kai ba, kuma da wannan za a iya yin duk abin da ke mataki na 9 da na 10 har a samu rara.

Inda kuɗi ke zurarewa, daga babba zuwa ƙarami: kuɗin mota zuwa da dawowa, kayan kwalama a bakin ƙofar wurin wasa, kuɗin shiga da na lilo, sai masu hoto. Na biyun nan ana kashe shi tun daga gida da abinci a kula. Ku tambayi kuɗin shiga kwana ɗaya kafin, kuma ku tambaya ko ana biya wa ɗan goyo. Ku riƙe tsabar kuɗi da ƙananan canji, don ranar hutu ce sabis ke ɗaukewa a bar mutum tsaye a rana yana jiran tiransifa ta shiga.

Ɗinkin anko domin wannan rana asara ce. Yaro ɗan shekara biyu bai san an yi ba, kuma shadda mai sitaci a zafin Mayu azaba ce gare shi. Tsohuwar rigar auduga mai laushi ta fi.

4. Ku zaɓi wuri guda ɗaya

Guda ɗaya na ce. Wanda ya ce za a je wurin wasa, a biya gidan Hajiya a Tudun Wada, a ƙarasa Kawo gaisuwa, ya shirya wa kansa kuka uku.

Idan akwai jariri da bai kai wata 3 ba, gida shi ne wurin. Ku tsallake zuwa mataki na 9, babu abin da kuka rasa.

Idan yaran sun tasa, Gamji, wato wurin shaƙatawa na Janar Hassan Usman Katsina da ke bakin Kogin Kaduna, yana da abin da ake nema, inuwar manyan itatuwa da filin da yaro zai yi gudu. A nan ne kuma tsohuwar gadar ƙafa ta Gwamna Lugga (Lugard) take, wadda aka ɗauko daga Zungeru, ɗan shekara huɗu zai so ya ganta. Filin makarantar unguwa mai bishiyoyi, ko gidan kakanni mai faɗin tsakar gida, duk suna yin aikin. Kowanne kuka zaɓa, mutum ɗaya ya leƙa kwana ɗaya kafin ya duba abu huɗu: ƙarfe nawa ake buɗewa, akwai inuwa, akwai banɗaki da ruwa, kuma ina za a ajiye mota ko a sami Keke Napep na dawowa.

Hattara: duk wurin da ke bakin ruwa, hannun yaro ba ya barin hannun babba. Kada a ce yayarsa 'yar shekara bakwai ta kula da shi, ita ma yarinya ce.

5. Ku haɗa jaka tun da dare

Da safe ba a haɗa jaka, mantuwa ake haɗawa. Bayan isha'i, yara sun yi bacci, ku zuba waɗannan: famfas ko kunzugu ninki biyu na abin da kuke zato, ledoji na zuba masu datti, kayan canji kala biyu ga kowane yaro da riga ɗaya ga uwa, zanen goyo da majanyi na sauyi, ƙaramin tawul, sabulu, tabarma ko babban zani na shimfiɗa, lema, mafici, huluna masu baki, da fo idan akwai wanda ake koya wa zama. Ruwan sha ya fi komai nauyi kuma shi ne ba a ragewa: lita guda ga kowane babba, rabin lita zuwa sama ga kowane yaro da ya wuce shekara, da wata gora daban ta wanke hannu. A ƙaramar aljihun jaka a sa farasitamol na yara, ledar gishiri da sukari ta kemis guda biyu, filasta, da katin asibiti.

Ku rubuta sunan uba da lambar waya a ƙyalle, a ɗinke ko a maƙala da fil mai kulle a cikin rigar duk yaron da ke tafiya. Kafin a fita a ɗauke su hoto da kayan da ke jikinsu. In Allah ya kiyaye yaro ya ɓace wa ido, nuna hoto ya fi kwatance sauri.

6. Abinci: a dafa da asuba, a ci da wuri

Jaririn da bai kai wata 6 ba nono kawai yake sha, ko ruwa ba a ba shi, duk tsananin zafi. Uwa ce za ta yawaita shan ruwa, ta kuma yawaita ba shi. Na san kakanni ba sa son jin wannan. "Ki ɗan ɗiga masa, rana ta yi yawa," in ji Hajiya. Ni dai nakan ce, "To Hajiya, bari in ƙara ba shi mama," a wuce wurin ba tare da musu ba. Mai ba da madarar gwangwani ta tafi da ruwan zafi a filas da garin daban, ta haɗa a lokacin da zai sha. Abin da ya rage a fida bayan awa guda a zubar. Kada a sa zuma a komai na yaron da bai cika shekara ba.

Ga masu cin abinci, ku zaɓi abin da ba ya saurin lalacewa kuma ba ya ɓata jiki: dafaffen dankalin Hausa, alala, ƙosai, dafaffen ƙwai, ayaba, kankana da aka cire wa 'ya'ya, kunun gyaɗa a filas. Lokacin mangwaro ne, a wanke shi da kyau a yanka a gida. Dafa-duka da taliya suna da daɗi amma a zafin nan ba sa jira, in an fita da su a cinye cikin awa ɗaya zuwa biyu. Kunun aya da fura da nono sun fi komai saurin juyawa, a bar su sai an dawo. Ƙanƙara da zoɓon ƙulli na bakin hanya kuwa, ba ku san ruwan da aka yi su da shi ba.

Ba ranar gwada sabon abinci ba ce. Abin da cikin yaro ya sani shi za a ba shi.

Hattara da ƙwarewa. Gyaɗa, aya, gurjiya, gugguru, alewa mai tauri, cingam da dabino mai ƙwallo ba na yaron da bai kai shekara 5 ba ne. Haka balan-balan, wanda masu talla ke cika wuraren wasa da shi ranar hutu: in ya fashe, guntun robar yana toshe maƙogwaro. Yaro ya ci abinci a zaune, ba yana gudu ba. Idan abu ya maƙale kuma yana tari, a bar shi ya yi tarin. Idan ya kasa tari da kuka, jariri a kifa shi a kan hannu kansa ya yi ƙasa, a buga tsakanin kafaɗunsa sau biyar da tafin hannu, a juyo shi a danna tsakiyar ƙirji da yatsa biyu sau biyar, a yi ta maimaitawa. Wanda ya wuce shekara, bayan bugu biyar a baya, a tsaya ta bayansa a matsa saman cibiya ciki da sama sau biyar. Kada a zura yatsa ana lalube, tura abin ciki yake yi.

7. Hanya da zaman waje

A Keke Napep yaro yana zama a tsakiya ko a kan cinya ta ɓangaren ciki, ba a bakin ƙofa ba. Ku ɗauki shata in da hali, ya fi a cusa ku da goyo a tsakanin mutane, kuma ku karɓi lambar mai keken don dawowa. A mota yara a baya, ƙofofi a kulle. Goyo a baya cikin keke ko mota kuskure ne, a kwance shi a rungume.

Hattara: ba a barin yaro a cikin mota a rufe, ko na minti biyu, ko da yana bacci, ko da an sauke gilashi kaɗan. Mota a rana tanda ce.

Da kun isa, ku fara neman inuwa ku shimfiɗa tabarma, nan ne masauki. Ku taɓa ƙarfen lilo da na silalo da bayan hannu kafin a ɗora yaro, ƙarfe yana ƙona cinya tun kafin ƙarfe goma. Jariri kada rana ta taɓa shi kai tsaye. Kuma kada a lulluɓe ɗan goyo da mayafi ko hijabi mai kauri don kare shi daga rana, zafi ne ke taruwa a ciki. Lema ta fi, kuma duk bayan rabin awa a sauke shi ya sha iska. Masu tafiya a miƙa musu ruwa kowane minti ashirin zuwa talatin, don mai wasa ba ya cewa yana jin ƙishi.

Alamomin da ke cewa a tattara a tafi: fuska ta yi ja, yaro ya yi laushi ya daina wasa, leɓe ya bushe, kuka babu hawaye, maɗigar jariri ta faɗa, ko famfas ya yi awa shida a bushe. A kai shi inuwa, a cire kaya, a goge jiki da ruwa mai ɗan sanyi, a ba shi nono ko ruwa. Idan ya ƙi sha, ko yana ta bacci ba ya farkawa sosai, asibiti kai tsaye. Sashen gaggawa na manyan asibitoci irin su Barau Dikko da Yusuf Dantsoho ba ya hutu.

8. Idan dole sai an je fareti

Ƙungiyoyin ƙwadago, NLC da TUC, kan yi taronsu da maci a wannan rana, a Kaduna galibi a Dandalin Murtala. Da yawa daga masu tambayata 'yan ƙungiya ne, an ba su riga da hula, suna so yara su gan su cikin sahu. Na fahimta, don ni ma na taɓa yi. Na tafi da 'yata tana da wata goma sha huɗu, aka ce ƙarfe tara za a fara, manyan baƙi ba su iso ba sai da rana ta take. Ga lasifika, ga 'yan badujala, ga ƙyuya. Tun daga ganga ta farko take tsala ihu har muka bar wurin, ban yi macin ba, ban ji jawabin ba, muka kwana tana firgita.

Abin da na koya: ɗan ƙasa da shekara 3 ba shi da abin yi a fareti. Ɗan shekara 4 ko 5 zai iya, da sharaɗi. Wani babba daban ne zai riƙe shi, ba mai macin ba. Su zauna a rumfa, nesa da lasifika, kusa da ƙofar fita. Da rukunin mama ko baba ya wuce an ɗaga hannu, su kama hanya, kada su jira jawabai, kada kuma su jira tashin taro, lokacin turereniya ke nan. In uwa mai shayarwa ce dole ta halarta, ta tatsa ta bari a gida. Nonon da aka tatsa yana kai awa huɗu a ɗaki, amma a zafin Mayu a sa shi a firji ko a kula mai ƙanƙara.

9. Tsakar rana: wanka, abinci, bacci

Da an shigo a wanke hannu da sabulu, a watsa wa kowa ruwa, a bar su da singileti ko wando kawai. A ci abinci, a kwanta. Ku yi cajin fanka tun dare saboda wuta ba ta da alƙawari, in kuma za a tayar da janareta, a waje yake zama nesa da taga. Uwa ita ma ta kwanta. Wanke-wanke ba zai gudu ba, kuma ai an riga an raba aiki tun mataki na farko.

10. Bayan la'asar: wasan sana'a

Wannan ne zuciyar ranar a wurina, kuma kusan kyauta ne. Yaro yana ganin iyayensa suna fita kullum da safe, wani lokaci yana kuka yana riƙe zani, bai san inda suke zuwa ba. Yau rana ce ta nuna masa.

Ku fara da aikinku. Malama ta kafa aji da allo da alli, ta jera 'yan tsana. Ma'aikacin jinya ya ɗaure wa 'yar tsana hannu da tsumma. Tela ta ba su ƙyallaye da tef na awo su auna kowa a gidan, ban da allura da almakashi. Direba ya jera kujeru, murfin tukunya ya zama sitiyari, babban yaro ya zama kwandasta yana kiran "Kawo! Kawo! Saura mutum ɗaya!" Ma'aikacin ofis ya ba su tsofaffin takardu da biro su yi ta sa hannu. Ku gaya musu da kalmomi kaɗan: "Nan nake zuwa da safe. Ina koya wa yara karatu. In na gama sai in dawo wurinka." Wannan jimla ta ƙarshe ita ce yaron ke son ji. Kuma kada a manta da aikin gida da na kasuwa: mai ƙosai, mai kitso, mai saƙa, uwar da ke gida tana reno, duk a sa su a wasan.

Kowane shekaru da abin da yake iyawa. Jariri mai zama ko rarrafe, a shimfiɗa masa tabarma kusa, a ba shi ludayi da kwanon roba ya yi ta bugu, ya ishe shi. Duk abin da zai iya shigewa bakinsa gaba ɗaya a kawar. Ɗan shekara 1 zuwa 2 gwanin kwaikwayo ne: ƙaramar tsintsiya, tsumman goge kujera, kwashe kaya daga kwando a mayar. Minti biyar zai yi ya bari, kada a tilasta shi. Ɗan shekara 3 zuwa 5 shi ne mai cin moriyar wasan sosai. A buɗe masa shago da gwangwanayen madara da kwalayen ashana marasa komai, ganyen mangwaro ya zama kuɗi, ku zo ku yi ciniki har da neman ragi. Kwalin taliya babba yana zama mota, ko jirgin ƙasan Rigasa in an haɗa uku da igiya.

Ga masu son tuwon ƙasa ba tare da ƙasa ba, a kwaɓa musu fulawa: kofi biyu na fulawa, kofi ɗaya na gishiri, cokali biyu na man gyaɗa, a riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan har ya haɗu ya daina kama hannu. A raba biyu, rabi a sa kurkum ya yi rawaya, rabi a kwaɓa da ruwan zoɓo. Su yi burodi, su yi bulo, su gina gida.

Hattara: gishirin da ke cikin kwaɓin nan yana da yawa, yana cutar da yaro in ya ci. Idan akwai mai kai komai baki, a kwaɓa ba gishiri, a zubar bayan wasa. Wasan wanki da ruwa kuma yara na son sa a zafin nan, amma ruwan da bai kai tsawon yatsa ba yana iya halaka mai rarrafe. Babba ya zauna a wurin, ba da waya a hannu ba, in an gama a kifar da baho da bokiti, a duba murfin rijiya da na randa.

Kuskuren iyaye a nan shi ne mayar da wasan darasi, a yi ta tambayar "me kake so ka zama?" ana gyara amsar. Ɗana ya ce shi mai gyaran takalmi zai zama, saboda akwatin da suke bugawa. Muka ba shi kwali da takalman gidan, ya yi awa guda yana aiki, mafi tsawon shirun da aka taɓa samu a gidan nan.

11. Ku fita gaida masu aikin unguwa

Wajen biyar da rabi, in gari ya yi sanyi kuma babu hadari, a zuba sauran alala ko 'ya'yan itace a roba biyu ko uku, a fita ƙofar gida da yara. Baba mai gadi, mai ruwa da kurarsa, masu kwasar shara, mai shagon kan kwana, babu wanda ya huta a cikinsu. Yaro ya miƙa da hannun dama ya ce, "Baba, sannu da aiki." Mai ƙyuya kada a matsa masa, ya tsaya a bayan zani ya kalla. Minti goma sha biyar ne, a dawo.

12. Hadari, sauro da shirin gobe

Ruwan farkon damina da iska yake zuwa, mai ɗauke kwano da karya reshe. Da kun ga gabas ta haɗe, a kwashe yara da shanya a shiga ɗaki, kada a fake a gindin bishiya, kada kuma a bar su wasa kusa da kwata bayan an ɗauke. Sauro ma ya dawo tare da ruwan, don haka wankan yamma ya ƙare kafin magariba, a sa kaya masu dogon hannu marasa nauyi, a sauke gidan sauro a soke gefensa ƙarƙashin katifa. Maganin sauro na fesawa a fesa tun yara suna waje, a buɗe taga ya fita kafin su shiga.

Hattara da daren: idan gudawa ta biyo baya, a haɗa gishiri da sukari na kemis daidai da yawan ruwan da aka rubuta a jikin ledar, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a ci gaba da nono da abinci, da safe a nemi ƙwayar zinc. In babu na kemis, ledar fiya wata biyu lita guda ke nan, a sa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba. Zazzaɓi a jaririn da bai kai wata 3 ba, ko jijjiga, ko amai da ba ya tsayawa, ba a jiran gari ya waye. Mai jijjiga a kwantar da shi ta gefe, kada a tura masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai.

Abincin dare ya zama mai sauƙi, kunu ko ragowar na rana da aka ɗumama sosai. A kwantar da su a lokacin da suka saba, ko da sun roƙi ƙari. Sannan a zazzage jakar fita, a wanke fida da filas, a jiƙa kayan da mangwaro ya ɓata kafin tabon ya zauna, a mayar da katin asibiti inda yake. In gobe ranar aiki ce, a haɗa jakar gidan reno da ta nazare yanzu, a ajiye su a bakin ƙofa tare da takalman kowa.